Wa Zai Iya Faɗa Mini Sunansa?

A shekarar da Binuwai ta cika ta tumbatsa, aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, mutanen bakin kogi suka kwashe 'yan komatsansu suka koma kwana a azuzuwan makarantu, a shekarar ne Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata. Ruwa ya janye, an fara yankan dawa, sai shi ma ya tafi, ranar wata Talata bayan la'asar. Duk Garwa ba a kiransa da komai sai Majo, wato babban malamin asibiti mai riƙe da ɗakin marasa lafiya, ko da yake ya daɗe da ajiye aiki. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, atamfa nake sayarwa a babbar kasuwa, ni ma gemuna ya yi fari. Da ajami na fara rubuta wannan kamar yadda na saba, daga baya aka mayar mini da shi boko saboda 'ya'yanmu. Abin da na gani ranar sadakar uku ne ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Tun da hantsi zaure ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Yawancin waɗanda suka zo ba mu san su ba. Wata tsohuwa ta taso tun daga Tuboro, ta shiga wurin mata tana nuna wuyan hannunta, tana cewa a nan ya taɓa ɗaura mata sunanta. Wani direban babbar mota ya zauna ya yi kukansa ya ƙoshi, ya tashi ya tafi. Waɗannan ba ni da abin cewa a kansu sai Allah ya ba su lada.

Can wajen azahar sai ga fararen motoci uku. Manyan ma'aikatar lafiya ne, cikin kwat da laƙataye a wannan zafi namu, gumi na bin wuyansu. A gabansu tsohon daraktan asibitin da Kawu ya yi aiki, wanda yanzu ya zama babba ƙwarai, tumbinsa na riga shi shiga ko'ina. Aka nemo musu kujeru, don gwiwoyinsu sun manta da tabarma. Ɗaya daga cikinsu ya zaro takarda ya fara jawabi da Faransanci. Ya ce marigayi abin koyi ne, ya ce ginshiƙi ne, ya ce ma'aikata ba za ta taɓa mantawa da shi ba. Sai ya kira sunan marigayin. Sunan wani ne daban.

Mai sunan kuwa yana zaune a sahu na uku da carbinsa, tsohon majon ɗakin tiyata ne, abokin Kawu. Ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai har safiyar yau ina nan da raina. In kuma akwai labarin da bai iso ni ba, a gaya mini in je in sallami iyali."

Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya a gidan makoki. Mai jawabi ya juya takarda gaba da baya, ya ce kuskuren sakatare ne. Kullum akwai sakatare. Da labarin ya shiga cikin gida, Inna, matar Kawu, ta ce, "Motoci uku suka zo da su, amma ba a samu wurin da za a sa sunansa ba."

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan kada a rikita sunan ɗan Adam da na wani, shi aka yi wa haka a ƙofar gidansa. Kuma wanda ya fi kowa gyaɗa kai lokacin jawabin shi ne tsohon daraktan, wanda ya sa hannu aka kori Kawu daga garin nan. Shi ya sa na ce sai na rubuta, don kada jikokinsa su tashi su ɗauka waccan takarda ce labarinsa. Labarinsa na gaskiya yana cikin wata tsohuwar ƙwarya da ta yi shekara goma sha takwas a kan kabad ɗin ɗakinsa, ba a sha da ita, ba a awo da ita. Ta wata mata ce da ya ɓoye wa gaskiyar mutuwar ɗanta. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya yake tsoro, ya mutu bai mayar mata da ƙwaryar ba, bai gaya mata ba.

Wanda ya san Kawu ya san tambayarsa. Ba ya taɓa mara lafiya, ko ƙwayar ciwon kai ce zai ba shi, sai ya dubi masu jinya ya ce, "Wa zai iya faɗa mini sunansa?" Ba ya cewa, "Wannan ne wane?" Ya hana wannan tambaya a ɗakinsa kamar yadda ake hana shiga masallaci da takalmi. Yakan ce, "Mutumin nan namu, in mai farar riga ya tambaye shi, to zai ce. Ko ka ce masa sunansa Jaki, to zai ce, ya ƙara da na gode." Har a gida haka yake. Jikarsa ta cikinsa za ta zo da zazzaɓi, ya riƙe cokalin magani a sama sai ta faɗi sunanta. Inna ta ce, "Malam, kai ka raɗa mata shi fa." Ya ce, "Na raɗa wa goma sha ɗaya, kuma duk hancinsu iri ɗaya ne."

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Ga inda ya samo shi.

A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, bayan an zaftare albashin ma'aikata, asibitoci suka zama sai gini. Wanda ya ajiye aiki ba a maye gurbinsa. Kawu yana riƙe da ɗakin maza a wani asibiti a garin nan, ba sai na faɗi wanne ba. Cikin bazara aka kwantar da samari biyu. Ɗaya Hamadu, makiyayi daga wajen Mayo-Ulo, saniya ta karya masa cinya, yana gado na huɗu, bakin taga, uwarsa na jinyarsa. Ɗaya Ahmadu, ɗan wani attajiri cikin danginmu, ya yi haɗarin mota ya zubar da jini, yana gado na tara, can lungu inda iska ba ta kaiwa.

A ajami sunayen nan ba su da haɗi, ɗaya da ha ƙarami ya fara, ɗaya da alif. Amma bakin da ya tashi da Faransanci ba ya furta ha. A wurinsa duka biyun Amadu ne.

Attajirin ya zo da safe ya ga ɗansa yana gumi, ya ga Bafillacen daji yana shan iska. Bai yi wa Kawu magana ba, ya wuce ofishin darakta. Ba a jima ba saƙo ya zo a sauya musu gado. Kawu ya sa aka ɗauke su aka sauya. Takardar kowane mara lafiya a lokacin a ƙafar gado take rataye. Ya miƙa hannu zai ciro su ke nan aka kira shi, an kawo wani yana aman jini. Ya ce a ransa zai dawo. Ya dawo bayan awa uku.

Kafin nan ledar jinin Ahmadu ta fito daga ɗakin gwaji, an rubuta a jikinta: Amadu, gado na tara. Wadda ta ɗauko wata yarinya ce 'yar Kudu, watanta biyu da zuwa, ba ta jin Fulatanci sai gaisuwa, kuma ita kaɗai aka bar wa ɗaki biyu. Ta je gado na tara ta tarar da saurayi yana barcin allurar da aka yi masa. Ta duba takardar ƙafar gado, ta yi daidai da leda. Duk da haka, yarinyar kirki, ta juya ga uwar ta nuna shi ta ce, "Amadu?"

Hamadu ɗan farinta ne. Mu nan kowa ya san Bafillatana ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko mu Hausawa iyayenmu mata haka suke. In ta ce ba shi ba ne, za a tambaye ta wane ne, sai ta furta. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. 'Yar Kudu ta ɗauka an ce mata e. Ta rataya jini.

Ba jininsa ba ne. Ya fara rawar jiki, ya yi ta kukan bayansa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan goro. Kawu ya shigo, ya dubi fuska, ya dubi leda, ya fizge robar da hannunsa. Bai bar bakin gadon ba har washegari da hantsi, lokacin da yaron ya cika. Saurayi da ya zo da karyayyar cinya.

Abin da aka yi a ofishin darakta Kawu ya ba ni shi da bakinsa, kuma na same shi a rubuce cikin littafinsa. An kira taro, an rufe ƙofa, an kunna fanka. Takardar mutuwa ta riga ta cika, an rubuta zazzaɓi mai tsanani, saura hannun Majo.

Kawu ya ce, "Ba zazzaɓi ba ne."

Darakta ya ce, "Majo, yaro ya mutu, takarda ba za ta tashe shi ba. Uwarsa me ta ce?"

"Ta ce Allah ya karɓi abinsa."

"To, ka fi uwarsa ne?"

Kawu bai ɗauki biro ba. Sai darakta ya sassauta murya ya ce, in dai lallai sai an hukunta wani hankalinsa zai kwanta, ga yarinyar nan, ita ta rataya, kuma ba ta da kowa a Arewa, wasiƙa ɗaya ta ishe ta. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu biyar kuskuren nan ya bi, nata ne na ƙarshe. Na farko naka ne, na biyu nawa. In za a rubuta, a rubuta duka, a gyara duka. In aka kore ta yau, gobe wata za ta zo ta tarar da takarda a ƙafar gado."

Wani likita ya sa hannu a madadinsa, bai ko karanta ba. Shi ma na gan shi ranar sadakar uku, yana share ido da farin hankici.

Da labarin ya tsaya nan da na ce kawuna gwarzo ne in rufe littafi. Amma shi bai yarda a ce haka ba, ni ma ba zan ce ba. Da za a fita da gawa, uwar ta tarar da shi a baranda. Ta kwance ƙullinta ta ciro ƙwarya cike da man shanu, wanda ta zo da shi don ta sayar ta sayi magani. Ta durƙusa ta miƙa masa ta ce, "Kai ka tsaya a kansa har ya cika. Ba ni da abin ba ka sai wannan." Darakta yana tsaye a bayansa. Kawu yana da 'ya'ya shida a lokacin, albashi rabi. Ya sa hannu biyu ya karɓa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ta tafi.

Ya ce mini, "Wannan ce babbar ƙaryar da na yi a duniya, kuma babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta."

Man bai shiga tukunyar gidansa ba. Inna ta kai hannu ya ce kul, ya bayar sadaka, ya wanke ƙwaryar ya ɗora a kan kabad. Sannan ya zauna ya rubuta rahoto da Faransanci, shafi huɗu, ya fara da laifin kansa, ya aika sama. Amsar da ta zo ita ce takardar canjin wurin aiki. Aka tura shi Tuboro, inda a lokacin in damina ta sauka hanya kan yanke. Cikin takardar an ce saboda ƙwarewarsa ne.

A can ya fara ɗaura wa mutane suna. Filasta yake yankowa ya naɗa a wuyan hannun duk wanda aka kwantar, ya rubuta suna da sunan uba da ƙauye, da boko a sama don ma'aikata, da ajami a ƙasa don mai jinya ya karanta da kansa ya ce e ko a'a. In mace ta zo da ɗan fari ko da miji, sai a nemo ƙani ko maƙwabci ya faɗa. In babu kowa, sai ya ce ta raɗa wa wata mace a kunne. Wani ma'aikaci ya taɓa ce masa wannan al'adar jahilci ce, a tilasta musu su faɗa. Kawu ya ce, "Ita ba a biya ta don ta san al'adarka ba. Kai aka biya don ka san tata."

Yana da littattafai masu baƙin bango, yanzu suna wurina, don ni kaɗai ke karanta ajami sosai a dangi. Ciki yake rubuta duk kuskuren da aka yi, har da wanda aka kusa yi Allah ya tsare. Ba ya sa sunan ma'aikaci, sai dai hannu na farko, hannu na biyu. Duk Litinin da safe yakan tara su ƙarƙashin darbejiya ya karanta musu, kuma da nasa yake farawa. Na tambaye shi don me da ajami. Ya ce masu zuwa bincike daga sama ba gyara suke nema ba, wuya suke nema da za su rataya wa igiya su koma da rahoto. Wani sufeto ya taɓa ɗaukar littafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ashe Majo malami ne, ya sa shi cikin addu'a. Kawu ya ce kullum yana ciki.

Ya sha faɗa da mutane a kan ƙaddara, har a zaurenmu. Wata rana ya zo hutu ana maganar wata mata da aka manta da auduga a cikinta bayan tiyata, sai attajirin nan, uban Ahmadu, wanda har ya mutu bai san abin da tagarsa ta jawo ba, ya ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare, likita sababi ne kawai. Kawu ya ce, "Alhaji, na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma bara da direbanka ya bar motar goro a buɗe ruwa ya shiga, ban ji ka ce ƙaddara ba. Jandarma ka kira." Alhaji ya yi wata biyu ba ya amsa masa sallama sosai. Ni abin da na fahimta a karatuna kaɗan shi ne, Allah ya rubuta ranar kowa, kuma zai tambayi kowane hannu abin da ya yi. Masu haɗiye rabin farko su tofar da na biyu ba tawakkali suke yi ba, mafaka suke nema, kuma sun zaɓi sunan Ubangiji su ɓuya a bayansa. Ban san rashin kunyar da ta fi wannan ba.

Bayan ya ajiye aiki ya dawo Garwa, sai manya suka koyo wata kalma daga Yawunde, wai kalite, wato ingancin aiki. Aka yi ta taro a otal, ana shan lemo mai sanyi, ana karɓar kuɗin zama. Aka kafa kwamitin kare marasa lafiya, aka sa tsohon darakta shugaba. Aka manna manyan takardu a bango da Faransanci, a ɗakunan da masu kwanciya ba sa karanta shi. Aka kawo awarwaron roba na rubuta suna, irin abin da Kawu ya yi shekaru yana yi da filasta, aka ce sabuwar dabara ce daga Turai. Sai aka kulle su a sito don kada su ƙare kafin manyan baƙi su zo. Ba wanda ya aiko ya tambayi tsohon da ke zaune a bayan kasuwa da littattafai goma sha uku.

Matar kuwa ya neme ta har ya gaji. A rajistar asibiti, wurin da aka ce a rubuta garinsu, magatakarda ya rubuta kalma ɗaya da Faransanci, ma'anarta daji. Kawu ya bi kasuwannin shanu yana tambaya. Aka ce sun ƙetara Najeriya, aka ce an gan su wajen Poli, aka ce tsohuwar ta mutu. Duk sallar layya Inna za ta sauke kaya ta share kabad, ta ce, "Malam, ƙwaryar nan fa?" Ya ce, "Mai ita tana zuwa."

Da ciwon ajali ya kama shi muka kwantar da shi kwana biyar a asibiti, a tsohon ɗakinsa. Kafin mu bar gida ya sa na yanko filasta, ya rubuta sunansa da hannunsa ya naɗa. Wani matashin ma'aikaci ya shigo da allura yana kira, "Lamba bakwai! Lamba bakwai!" Kawu ya rufe ido. Yaron ya zo kansa ya ce, "Baba, da kai nake." Ya ce, "Ɗana, lamba bakwai ƙarfe ne, ga shi nan ƙarƙashina, yi masa allurar. In ni kake nema, tambaye ni ko ni wane ne." Yaron ya fita yana cewa tsohon nan rigima gare shi.

Kafin in faɗi abu na ƙarshe, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa kawuna Fatiha ɗaya, ya haɗa da saurayin da ya zo da karyayyar cinya.

Kwana uku da sallamo shi waya ta shigo. 'Yar Kudu ce. Ba ta koma garinsu ba, ta zauna a Arewa, ta koyi Fulatanci har ta fi ni, tana riƙe da wani ƙaramin asibiti a wajen Mayo-Ulo. Ta ce, "Papa Majo, na gan ta. Ta kawo jikarta haihuwa. Fuskar nan ko a lahira zan gane ta."

Kawu ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Inna ta ce ba inda za shi, mahaifiyata ta yi kuka, ni ma na ce ya ba ni saƙo in kai. Ya ce, "Kai ka karɓi ƙwaryar?" Na nemo mota, muka shimfiɗa masa katifa a baya, ƙwarya a kan ƙirjinsa cikin farin ƙyalle. Ruwa ya ɓata hanya, muka bi ta Gidar a hankali, duk ramin da muka faɗa sai na ji ya ce ya Salamu.

Da hantsi muka isa rugar, 'yar Kudu na gaba tana nuna hanya. Tsohuwar tana zaune a inuwar bukka, ta rame, idonta ɗaya ya yi fari. Muka zaunar da shi a tabarma, na tallafe bayansa. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Da Fulatanci suka yi magana, ga ta nan yadda na ji.

Ya kwance ƙyalle ya tura ƙwaryar gabanta. Ta ɗauka ta shafa gefenta, yatsanta ya tsaya a wani ɗinki da aka yi wa tsaga. Ta ce, "Wannan ɗinkina ne."

Ya kira ta Dada, wato uwa, ya ce, "Dada, ni ne wanda kika ba. Ban cancanci ko cokali ɗaya ba. Ɗanki ba zazzaɓi ya kashe shi ba."

Ya faɗa mata duka, taga da gado da takarda da leda, da abin da aka yi a ofis. Bai rage nasa ba. Sai ta ce:

"Na ji yarinyar ta faɗi sunan da ba nasa ba. Sarai na ji. Bakina ya ƙi buɗewa. Da ya fara rawar jiki na san daga ledar nan ne. Kuka ce zazzaɓi, na ce to, sun fi ni sani, amma cikina bai yarda ba. Damina goma sha takwas ina kwana ina tashi ina cewa ni na kashe shi da kunyata. Ubansa ya mutu ban gaya masa ba."

Duk shekarun nan Kawu ya ɗauka gaskiya kawai ya hana ta. Bai san ya bar mata kayan mutum biyar ta ɗauka ita kaɗai ba.

Ya ce, "Dada, ba kunyarki ba ce. Kin yi abin da uwarki ta koya miki. Mu ne aikinmu mu san yadda ake tambaya, ba mu sani ba. Ko da kin yi shiru har abada, da na ciro takarda biyu daga ƙafar gado, da yana nan."

"Ka san haka ranar da na ba ka mai?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro."

"Tsoron wa?"

"Mutum."

Ta yi tsaki mai tsawo ta ce, "Mutum." Ban taɓa jin an faɗi kalmar da raini irin wannan ba, kuma na so a ce masu fararen motoci suna wurin.

'Yar Kudu ta durƙusa tana kuka, tsohuwar ta ce mata, "Ke tashi, yarinya ce ke a lokacin, kuma ke kaɗai kika tambaya." Sannan ta lura da filastar da ke hannun Kawu, ta ce mene ne wannan. Ya gaya mata, ya ce tun daga ɗanta bai ƙara barin a taɓa kowa a ɗakinsa ba sai da ita. Ta ce, "To yanzu yaya kuke tambaya?"

Ya ce, "Cewa muke, wa zai iya faɗa mini sunansa."

Ta gyara zama, ta sauke mayafin daga bakinta. Ta ce, "Tambaye ni."

Ya ce, "Dada, wa zai iya faɗa mini sunansa?"

Ta ce, "Ni. Hamadu. Sunansa Hamadu."

Surukarta da ke tsaye a bakin bukka ta dafe ƙirji, don ba ta taɓa jin sunan daga wannan baki ba. Tsohuwar ta ja ƙwaryar ta kife ta a cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai. Ta ce, "Na karɓi ƙwaryata. Je ka gida, malam. Babu sauran komai tsakanina da kai, nan da can."